Yadda ake tatso man da ya maƙale a tsohuwar rijiya

Ko makiyayi ne kai ko ɗan kasuwar kan iyaka, ka sha jin ana cewa rijiyar mai kaza ta tsufa. To, tsufanta ba ƙafewa ba ne. Ɗanyen mai ba kwance yake kamar tafki a ƙarƙashin ƙasa ba, a cikin ƙananan ƙofofin dutse yake, kamar yadda man gyaɗa yake cikin tunkuza. Farkon haƙa rijiya, man da kansa yake tasowa saboda matsin da ke can ƙasa. Da matsin ya ragu sai ya tsaya, alhali galibi fiye da rabinsa yana nan maƙale.

Dabara ta farko ita ce ruwa. A haƙa wata rijiya a gefe, a dinga tura ruwa da ƙarfi don ya koro man. Matsalar ita ce ruwa yakan bi hanya mai sauƙi ya wuce ya bar man a baya. Shi ya sa ake zuba masa wani sinadari da ke sa shi yauƙi kamar miyar kuɓewa, sai ya tafi a hankali yana share man. A Dacin ta ƙasar Sin an daɗe ana wannan.

In man mai kauri ne, sai a tura masa tururi. Ka ga dai yadda mai ƙuli-ƙuli ke yayyafa ruwan zafi a tunkuza kafin mai ya tsatso? Haka ake yi a Duri ta Indunusiya. A Teksas ta Amurka kuwa, tun 1972 ake tura iskar kabon, ta gauraya da man ya tsinke.

Ina ruwanka da wannan? Dubi Doba a kudancin Chadi. A 2003 aka fara turo manta ta bututu mai tsawon kilomita 1,070 zuwa Kiribi a Kamaru. Bayan 'yan shekaru man ya ja baya, rijiyoyin suka koma fitar da ruwa mai yawa. Na Agadem a Nijar ma wata rana za su tsufa.

Ruwan da ke fitowa tare da mai yakan zo da gishiri da ragowar mai, ƙa'ida kuma a mayar da shi can ƙasa. Don haka in ka ga kududdufi kusa da rijiyar mai, yana ƙyalli ko wari, kada ka shayar da dabbobi, komai ƙishirwa. Ka sanar da arɗo ko mai gari. In kuma an kira taro kan sabon aiki, ka tambaya: daga ina za a ɗebi ruwan, ina kuma za a zubar da shi?