Daga Gafaka Zuwa Jami'a, Daga Jami'a Zuwa Zaure: Yadda Bincike Zai Koma Hannun Masu Shi

A gidajen malamai da dama a Sakkwato da Gwandu da Kano da Zariya da Katsina, akwai gafaka ko akwatin ƙarfe da ba a buɗewa sai da dalili. A ciki akwai littattafan da kakanni suka rubuta da hannu: fiƙihu, nahawu, tarihi, wasiƙu, da waƙoƙin wa'azi na ajami. Fiye da shekara sittin ke nan masu bincike daga jami'o'i suna sallama a irin waɗannan zauruka, a shimfiɗa musu tabarma, su ɗauki hoton takardu, su yi godiya su tafi. Tambayar da magada ke yi ita ce: daga cikin abin da aka gano, me ya dawo gida?

Babu mai musun cewa an yi aiki. A 1964 aka fara shirin binciken tarihin Arewa a ƙarƙashin Farfesa Abdullahi Smith, wanda ya tara kwafe-kwafen rubuce-rubuce masu yawa a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. A 1970 aka kafa Arewa House a Kaduna, a gidan marigayi Sardauna. Murray Last ya zauna a Sakkwato yana karatu a gaban Waziri Junaidu, Allah ya jiƙansa, kafin ya fitar da littafinsa kan Daular Sakkwato a 1967. A 1995 kuma John Hunwick ya wallafa babban kundi mai jera marubutan wannan yanki da littattafansu. A Yamai ma cibiyar binciken da ke ƙarƙashin Jami'ar Abdou Moumouni tana adana tarin rubuce-rubuce na Larabci da ajami.

Sai dai mafi yawan wannan aiki da Turanci ko Faransanci ya fito. Kundin Hunwick a ƙasar Holan aka buga shi, kuma kuɗinsa ya fi ƙarfin ɗalibin zaure. Kundayen digiri kuwa a kan kanta suke kwana, ƙura na rufe su. Idan mai gida ya ga an zo sau biyu sau uku bai ga komai ba, sai ya rufe akwatinsa. Daga nan gara da laima su yi aikinsu, ko magajin da bai san darajar abin da ya gada ba ya rabu da shi a kan kuɗi kaɗan. Asarar ta kowa ce.

Masu bincike ba sai sun je nesa neman abin koyi ba, domin yana cikin takardun da suke nazari. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, kowane harshe da masu sauraronsa. Ta kuma kafa tsarin 'Yan Taru, inda jajoji ke koyon karatu a wurinta cikin waƙa, su koma ƙauyuka su koyar da mata. Ta zaɓi harshen da ake ji, da sigar da ake iya haddacewa, da manzannin da aka amince da su. Waɗannan ukun su ne ginshiƙin isar da ilimi har gobe.

Hanya ta farko ita ce fassara. Ba lallai ne a juya kundi mai shafi ɗari huɗu gaba ɗaya ba. Ɗan littafi mai shafi ashirin da Hausa, wanda ya faɗi wane ne marubucin, yaushe ya rayu, me ya koyar, kuma me binciken ya gano, ya isa a karanta shi a makarantar Islamiyya. Waziri Junaidu da kansa ya rubuta Tarihin Fulani da Hausa, ga shi kuwa masanin Larabci ne. Kuma tunda dattawa da yawa sun fi sakewa da ajami, babu laifi a fitar da bayanin cikin boko da ajami a jere.

Hanya ta biyu ita ce murya. Yawancin waƙoƙin ajami an tsara su ne don a rera, ba don a karanta a zuci ba. Aikin ajami na Jami'ar Boston da ke Amurka, wanda Farfesa Fallou Ngom ya jagoranta tare da masana daga Afirka ta Yamma, ya sa hotunan rubuce-rubucen Hausa a intanet kyauta, ya kuma haɗa wasu daga cikin matanonin da fassara da muryar masu karanta su. Abin da ya rage shi ne irin wannan ya kai ga rediyo da wayar hannu, domin nan ne jama'a suke. Kwata ɗaya na awa a gidan rediyo kowane mako, mai bincike tare da malamin zaure suna warware matani guda, zai shiga gidajen da mujallar jami'a ba za ta taɓa shiga ba.

Hanya ta uku ita ce mayar da kwafe. Shirin ceto takardun tarihi na Babban Ɗakin Karatu na Birtaniya, wanda aka fara a 2004, yana da ƙa'idar cewa asalin takardu ba ya barin ƙasarsu, kuma a ajiye kwafen hotunan a wata cibiya ta ƙasar. Ya kamata mai bincike ya ƙara taki ɗaya: ya miƙa wa gidan da ya ba shi dama kwafensu, a takarda da kuma a waya, tare da jerin sunayen littattafan da aka samu.

Hanya ta huɗu ita ce koyar da adana. Magada da yawa, da kyakkyawar niyya, suna liƙe yagaggen shafi da salatif ko su rufe shi da leda mai zafi, alhali duka biyun lalata takarda suke yi. Zama ɗaya ya isa a nuna musu su ɗaga akwati daga ƙasa, su nisanta shi da bango mai laima da hasken rana, su riƙa dubawa bayan damina. Da yake littattafan ba ɗinkakku ba ne, a nuna musu amfanin kalmar da marubuci ke sa wa a ƙasan shafi, wadda ke fara shafi na gaba, don kada ganyaye su rikice.

Hanya ta biyar, wadda ta fi sauran wuya, ita ce sauraro. Malamin da ya karanci littafi a gaban mahaifinsa ya san karin waƙar, da ma'anar tsohuwar kalma, da salsalar wanda ya kwafe shi. Wannan abokin aiki ne. Haƙƙinsa ne a ambaci sunansa a cikin aikin, a karanta masa sakamakon kafin a buga, a kuma mutunta shi idan ya ce wata takarda sirrin gida ce.

Akwai nauyi a kan jami'o'i ma. Muddin maƙala a mujallar waje ce ke kawo ƙarin girma, fassara da shirin rediyo kuwa ba a lissafa su, ƙaramin malami ba zai ba su lokacinsa ba. Haka kuma ya dace a ware kuɗin komawa ga jama'a tun a kasafin bincike.

Su kuma masu gida, idan baƙo ya yi sallama da kyamara, suna da damar tambayarsa abu uku kafin a kwance gafaka: ina hotunan za su zauna, wa zai iya ganinsu, kuma yaushe zai dawo da bayani da Hausa? Ɗalibin da ya tashi a irin wannan gida yau yake jami'a, shi ya fi kowa dacewa da ya rubuta amsar, ya ajiye ta cikin akwatin tare da littattafan kakansa.