Baƙon Da Ya Shiga Kwamfuta Ba Sallama

Kwanan baya na kai rangadi Ɗankaza, cikin ƙasar Wudil, sai wani malamin makaranta ya ja ni gefe ya buɗe mini kwamfutarsa 'yar gwanjo. Ya nuna mini wata manhaja wadda bai san wanda ya sa ta ba, kuma ko ya goge ta, da ya kunna sai ta komo. Abin da ya tayar masa da hankali shi ne, yakan rubuta kukan makarantarsu a intanet da sunan aro, yana ji ba wanda ya san shi.

A zamanin En'e, in mutum yana da kuka sai ya rubuta wa Edita, ya sa sunan aro a ƙasa, sunansa na gaskiya kuwa Edita kaɗai ya sani. Amana tana hannun mutum ɗaya. Yanzu kuwa alƙalamin da kake rubutu da shi yana iya zama ɗan sandan ciki. Akwai manhajar da ke ƙirga kowane harafi da ka taɓa ta aika wa mai ita, tun kafin saƙon ya shiga ambulan ɗin sirri. To, ina amfanin sunan aro, ko wata dabara ta ɓoye adireshi, in ɓarawon yana cikin ɗaka?

Kada a ce tsoro ne kurum. A shekarar 2015 aka gane kamfanin Lenovo ya sayar da kwamfutoci sababbi ful da wata manhaja a ciki mai suna Superfish. Aikinta cusa talla, amma don ta yi haka sai ta riƙa farke saƙon da aka kulle tsakanin mutum da bankinsa, ta kuwa bar ƙofa a buɗe ga kowane ɓarawo. A 2017 kamfanin ya yarda ya biya jihohin Amurka 32 dala miliyan uku da rabi. Har wa yau, a 2013 masu bincike na Citizen Lab a Jami'ar Toronto ta Kanada sun gano na'urorin da ke sarrafa manhajar leƙen asiri ta FinFisher a ƙasashe 36, har da Nijeriya.

Amma fa mu nan, hanyar da ta fi kusa ita ce ta kasuwa. Mutum ya sayi kwamfuta, ya miƙa wa mai gyara ya ce a zuba masa kome da kome. Mai gyara kuwa ya kwaso kwafin manhajoji na sata, shi kansa bai san abin da aka cusa a cikinsu ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ba kowace baƙuwar manhaja ce mugu ba, gama da yawa na kwamfutar ne ita kanta, amma wajibi ne mai gida ya san baƙinsa.

Saboda haka, ya malaman ofis da na makaranta, in kun sayi 'yar gwanjo, ku sa a wanke ta tas a zuba mata manhaja ta asali. Ku duba jerin manhajojin da ranar da aka sa kowace. Wadda ba ku gane ba, ku tsinke intanet tukuna, sa'an nan ku canja kalmomin sirrinku daga wata na'ura dabam. Tambayoyin jarrabawa da sunayen almajirai amana ne, kuma tun 2023 akwai dokar kare bayanan jama'a a ƙasar nan.

Malamin nan na Ɗankaza dai na ce ya nemi masani a Wudil, tun da ga Jami'ar Kimiyya da Fasaha a garin tun 2001. Kafin nan na shawarce shi ya ɗauka duk abin da ya rubuta, wani ya karanta. Allah ya rufa mana asiri, amin.