Musayar 'Yan Wasa a Besbol: Kofin Bana ko Gwanin Gobe?

A wasan besbol na Amurka, ƙarshen watan Yuli lokacin ciniki ne. Ƙungiyar da ta hango kofi takan sallama matasanta masu tasowa, ta karɓo gogaggen ɗan wasa. Abin da ke sa matashi daraja shi ne, ƙungiya na da ikon riƙe shi shekara shida a babbar gasa, kuma albashinsa na farko bai taka kara ya karya ba.

A 2016 Chicago Cubs ta ba New York Yankees Gleyber Torres, ɗan shekara 19, da wasu uku, ta karɓo gwanin jifa Aroldis Chapman. Wata uku ya buga mata, ya koma Yankees. Amma Cubs ta ɗaga kofin da rabonta da shi tun 1908. Wa zai kira wannan asara?

Ƙungiyar Detroit kuwa ta ciji yatsa. A 1987 ta karɓo Doyle Alexander daga ƙungiyar Atlanta, ya ci wasa tara a jere, amma kofi bai zo ba. Yaron da ta miƙa wa Atlanta, John Smoltz, ya yi shekara 20 yana haskakawa a can, ya kuma shiga zauren gwarzayen besbol a 2015.