Malamar Gida a Ingilar Zamanin Jane Eyre

A Ingila ta zamanin Sarauniya Victoria, gidan da ya amsa sunansa bai cika tura 'ya'yansa mata makaranta ba. Malama ake ɗaukowa ta tare a gidan, ta kwana ta tashi da yaran. Yara maza sukan zauna a hannunta har su kai shekara bakwai ko takwas, sannan a kai su makarantar kwana. Mata kuwa tana tare da su har su isa fita neman miji. Da can masu sarauta da masu manyan filaye ne ke wannan al'ada, amma da masana'antu suka kawo kuɗi, sai masu masaƙu da manyan 'yan kasuwa suka ara suka yafa. Ajiye malama ya shiga cikin shaidun arziki, tare da keken doki a ƙofa da fiyano a falo. Ƙidayar 1851 ta sami mata fiye da 20,000 suna wannan aiki.

Sharaɗin farko shi ne ta kasance 'yar gidan mutunci: 'yar limamin coci, ko ta hafsan soja da ya mutu bai bar komai ba, ko ta ɗan kasuwar da ya karye. Karatu da rubutu da lissafi da Faransanci da zane da kaɗa fiyano duk ana so, amma abin da uwargida ta fi dubawa shi ne lafazinta da zamanta da yadda take riƙe cokali, domin su yara za su kwasa. To ga inda gizo ke saƙar: al'adar nan ita ce kuma ta ce 'yar mutunci ba ta aikin albashi. Ranar da ta karɓi kuɗin wata, ranar ta zubar da rabin darajar da aka ɗauke ta dominta. Sai ta zama jemage, tsuntsaye ba su karɓe ta ba, dabbobi ba su san da ita ba. Barori ana kiransu da sunan yanka, ita ana ce mata "Miss", kuma suna jin haushin yi wa mai cin albashi irinsu hidima. Masu gida kuwa ba sa ganinta sa'arsu. Abinci ko dai ta ci da yara a ɗakin karatu, ko a hau mata da shi a faranti ta ci ita kaɗai.

Charlotte Brontë, wadda ta fitar da Jane Eyre a 1847 da sunan aro na Currer Bell, ta bi hanyar shiga aikin daki-daki. Jane marainiya ce mai shekara 18, tana koyarwa a makarantar Lowood a kan fam 15 a shekara. Ta aika talla a jarida, amsa ɗaya tak ta zo daga wata Misis Fairfax, aka nemi takardar shaidar hali, aka yanka mata fam 30 don ta koyar da yarinya guda, Adèle, a gidan Thornfield. Kayan jikinta sun isa bayani: baƙaƙen riguna, da wata mai ruwan toka da take ganin ta yi kyau da yawa a sa ta sai da babban dalili, da ɗan mannin lu'ulu'u da malamarta ta ba ta. Malamar gida ba ta kwalliya. In ta yi kyau uwargida ta tsargu, in ta yi kaca-kaca a ce ta kunyata gida.

Inda littafin ya fi fito da al'adar fili shi ne daren da manyan baƙi suka cika falo. An umarci Jane ta sauko da Adèle. Ta raɓe a kujerar taga, labule ya kusa rufe ta, saƙa a hannu. Can sai wata baƙuwa, Blanche Ingram, da mahaifiyarta suka ɓarke da hirar malaman gida, yadda duk suke da gundura, da irin ta'asar da Blanche da ɗan'uwanta suka yi wa nasu suna yara. Sun san tana ji, ba su ma ɗauke ta wadda za a yi wa habaici a ɓoye ba.

Duk da haka, a ganina Jane ta taki sa'a: yarinya ɗaya, mai biyayya, babu uwargida a kanta. Wanda ke son ganin aikin tsirararsa ya karanta Agnes Grey na Anne, ƙanwar Charlotte, wanda shi ma ya fito a 1847. A gidan Bloomfield an damƙa wa Agnes sangartattun yara, aka hana ta hukunta su, sannan in sun ƙi karatu laifinta ne. Yaron gidan, Tom, abin wasansa azabtar da 'yan tsakin tsuntsaye. A gida na biyu, dawowa daga coci kanta ta zama aiki: in ta jera da 'yan matan da abokansu, a yi ta hira ta kanta kamar ba ta nan, in ta ja baya, ta amsa cewa ita ƙasa ce. Sai ta riƙa tsayawa kallon furanni a bakin hanya don a ce da gangan ta makara.

Charlotte da Anne ba ƙirƙira suka yi ba. Anne ta yi shekara biyar a gidan Robinson a Thorp Green. Charlotte a 1839, a gidan Sidgwick, ta rubuta wa 'yar'uwarta Emily cewa tulin ɗinki ake jibga mata, har da kayan 'yar tsana. A 1841 albashinta fam 20 ne a baki, amma bayan cire kuɗin wanki ta ce bai wuce 16 ba. Da irin wannan kuɗin ake sa ran mace ta yi sutura irin ta manya, ta aika gida, ta kuma yi tanadin tsufa. Yara na girma aiki ya ƙare, kuma sabbin gidaje sun fi son mai ƙuruciya. Yawan tsofaffin malamai da suka rasa matsuguni ne ya sa ƙungiyar Governesses' Benevolent Institution ta kama aiki gadan-gadan a 1843, tana ba da ɗan fansho, daga baya a 1848 aka buɗe Queen's College a Landan don a ba su horo da takardar shaida.

Auren maigida kuwa, wanda masu karatu suka fi tunawa, abu ne da al'adar ke ƙyama, kuma da wuya ya faru. Ko Charlotte sai da ta kashe wa Jane kawu a Madeira, ta gadar mata fam 20,000, kafin ta mayar da ita wurin Rochester, maigidan Thornfield wanda a lokacin ya makance, a matsayin sa'arsa. Bayan biki Jane ta yi niyyar ci gaba da koyar da Adèle da kanta, ta ga kula da makahon miji ya cinye lokacinta, sai ta nema wa yarinyar makarantar kwana kusa da gida.