Jiragen Yaƙi: A Ci Gaba Da Sayowa Ko A Fara Ƙerawa A Gida?

Tun lokacin da ƴan bindiga suka mamaye dazuzzukan da ke tsakanin Zamfara, Katsina, Sakkwato da kudancin jihar Maraɗi, babu wanda ya kai ɗan kasuwar kan iyaka sanin darajar hanya mai lafiya. Direban da ke ɗaukar albasa da wake daga Ƙonni zuwa Illela, da dillalin dabbobi na Maigatari, da mai sayo kayan masarufi a Jibiya ya kawo Ɗan Isa, kowannensu ya san cewa ranar da aka ji rugugin jirgi a sama ɓarayin daji kan lafa, ko da na ƴan kwanaki ne. Saboda haka muhawarar da aka daɗe ana yi a maƙwabciyarmu Najeriya, wato ko a ci gaba da kashe maƙudan kuɗi wajen sayo jiragen yaƙi daga waje ko kuwa a duƙufa a ƙera na gida, ta shafe mu kai tsaye. Idan gemun ɗan uwanka ya kama wuta, ai sai ka shafa wa naka ruwa, balle ma wutar ta riga ta tsallako.

Bari mu fara da cinikin da ya fi tayar da ƙura. A shekarar 2018 gwamnatin Shugaba Muhammadu Buhari ta biya Amurka dala miliyan 496, wato sama da biliyan 250 na Sefa a canjin lokacin, domin jirage 12 samfurin A-29 Super Tucano. An ciro kuɗin ne daga asusun rarar man fetur kafin majalisar dokoki ta amince, abin da ya jawo cacar baki mai zafi a Abuja. Kuɗin ya haɗa da makamai, da horar da matuƙa, da kayan gyara, da aikin sansanin Kainji inda aka ajiye su. Amma duk da an biya lakadan, shidan farko ba su iso ba sai watan Yulin 2021, sauran suka biyo baya kafin ƙarshen shekarar. Shekara uku ke nan tsakanin biya da karɓar kaya, alhali kuwa a cikin waɗannan shekarun ne garkuwa da mutane ta zama sana'a a hanyar Jibiya. Wane ɗan kasuwa ne zai biya kuɗin tirela guda ta shinkafa ya zauna jiran shekara uku?

Kuma kafin a kai ga biyan ma sai da aka sha wuya. A 2014, lokacin da Boko Haram ke kama garuruwa ɗaya bayan ɗaya a Borno da Adamawa, Amurka ta hana Isra'ila sayar wa Najeriya jirage masu saukar ungulu samfurin Cobra, tana mai kafa hujja da zargin take haƙƙin ɗan Adam da ake yi wa soja. A watan Janairun 2017 kuma, bayan jirgin sojan Najeriya ya jefa bam kan sansanin ƴan gudun hijira na Rann, kusa da iyakar Kamaru, ya kashe mutane da dama, gwamnatin Obama ta jingine maganar Super Tucano, sai da Trump ya hau mulki sannan aka buɗe ƙofa. Wannan ita ce babbar hujjar masu cewa a ƙera na gida. A cewarsu, wanda ya sayar maka da jirgi bai sake shi gaba ɗaya ba, domin linzamin yana hannunsa. Shi ke da kayan gyara, shi ke da harsashi da bam ɗin da ya dace da jirgin, shi ke da injiniyan da zai duba injin, kuma duk ranar da kuka saɓa sai ya rufe shago.

Tarihi na bayansu. A tsakiyar shekarun 1980 Najeriya ta karɓi jirage 18 samfurin Jaguar, ƙirar haɗin gwiwar Ingila da Faransa, waɗanda a lokacin suna cikin fitattun jiragen kai farmaki. Ba su yi shekara goma suna tashi ba. Farashin mai ya faɗi, naira ta karye, kuɗin kula da su ya gagara, zuwa farkon shekarun 1990 aka jere su a ƙasa, ba su ƙara tashi ba. Jiragen MiG-21 da aka sayo daga Tarayyar Sobiyet a shekarun 1970 su ma haka suka ƙare. Sai ga shi tsofaffin Alpha Jet da aka sayo daga Jamus tun farkon shekarun 1980, waɗanda asali na koyar da matuƙa ne da ƙananan hare-hare, su ne suka ɗauki nauyin yaƙin Laberiya da Saliyo, daga baya kuma na Boko Haram. Ɗaya daga cikinsu ne ƴan bindiga suka harbo a Zamfara cikin Yulin 2021, matuƙin ya tsira da laima.

To, amma fa masu cewa a sayo su ma ba wawaye ba ne. Tambayarsu guda ce: wanda gidansa ke ci da wuta, rijiya zai tsaya haƙawa? Ƙera jirgin yaƙi ba haɗa babur ba ne. Indiya, mai mutane fiye da biliyan ɗaya da jami'o'in kimiyya da suka yi suna a duniya, ta ƙaddamar da shirin jirginta na gida mai suna Tejas a 1983. Bai yi tashin farko ba sai 2001, rundunar sama ba ta kafa rukuninsa na farko ba sai 2016, shekara 33 ke nan. Injin da ke cikinsa kuma na kamfanin General Electric ne na Amurka, saboda injin gida da suka yi ta fama da shi, mai suna Kaveri, bai kai ƙarfin da ake bukata ba. A wannan shekarar ta 2016 ɗin dai Indiya ta sa hannu kan sayen jiragen Rafale 36 daga Faransa a kan kuɗi kusan yuro biliyan 8. Ita ma Turkiyya, da ake yawan buga misali da ita, jirginta mai suna KAAN da ya yi tashin farko a Fabrairun 2024 da injin Amurka ya tashi. Ƙasashen da ke iya ƙera injin jirgin yaƙi tun daga tushe ba su wuce a ƙirga su da yatsun hannu ba.

A nan ne muke ganin ɓangarorin biyu kan yi ta ja-in-ja a kan abin da ba shi ne ainihin matsalar ba. Shi kansa Super Tucano ɗin da aka yi ta rigima a kansa ba jirgi ba ne mai gudun wuce sauti. Farfela gare shi a hanci, kamar jiragen feshin fari da muka saba gani. An zaɓe shi ne don yana iya daɗewa a sama yana shawagi a hankali, yana shan mai kaɗan, kuma yana sauka a filin da ba shi da kyau. Yaƙin da ake yi a dajin Rugu ko a tsibiran tafkin Cadi ba na jirgi da jirgi ba ne. Abokin gaba yana kan babur, yana ɓuya a ƙarƙashin itace, yana sajewa da masu cin kasuwa. Abin da ake bukata ido ne mai gani da kyau, da jirgin da zai tashi duk ranar da aka neme shi.

Wani abin da ba kowa ya sani ba shi ne, Super Tucano asalinsa ba na Amurka ba ne. Kamfanin Embraer na Burazil ne ya zana shi, a Amurka dai aka haɗa na Najeriya, a garin Jacksonville na jihar Fulorida. Gwamnatin Burazil ta kafa Embraer a 1969. Kamfanin ƙera makamai na Najeriya, DICON, da ke Kaduna, an kafa shi a 1964, ya girme shi da shekara biyar. Sai dai su mutanen Burazil makaranta suka fara ginawa, wata cibiyar koyar da injiniyoyin jiragen sama da aka buɗe tun 1950, suka yi kusan shekara ashirin suna yaye ɗalibai kafin a kafa kamfanin. Da suka fara kuma ba da jirgin yaƙi suka fara ba, da wani ƙaramin jirgin fasinja da ɗaukar kaya suka fara, mai suna Bandeirante, wanda soja suka saya, kamfanonin farar hula ma suka saya. Sannu a hankali har aka kai yau, inda jiragen fasinja na Embraer ke sauka a filayen jiragen Afirka ta Yamma.

Najeriya ma ta taɓa gwadawa. A shekarun 1990 an haɗa ƙananan jiragen koyon tuƙi kimanin 60 a Kaduna, aka raɗa masu suna Air Beetle, bisa tsarin wani jirgin Amurka da ake sayar da sassansa a haɗa. Matuƙan soja da yawa a kansa suka koyi tashi. Amma ba a ɗora komai a kai ba, kuma da suka tsufa sai aka koma sayo na koyo daga Pakistan. Duk wanda ya san labarin kamfanin Peugeot na Kaduna ba zai yi mamaki ba. Motar 504 da ta cika tashoshinmu daga Maraɗi har Damagaram a can ake haɗa ta, amma yawancin sassanta daga Faransa suke zuwa cikin akwati, kuma da kuɗin waje ya yi wuya sai aikin ya durƙushe. Haɗawa daban, ƙerawa daban.

Inda aka ɗan ga haske shi ne wajen jirage marasa matuƙi. A Disambar 2013 Shugaba Goodluck Jonathan ya ƙaddamar da wani a Kaduna mai suna Gulma, sannan a Fabrairun 2018 Shugaba Buhari ya ƙaddamar da wani mai suna Tsaigumi, wanda injiniyoyin sojan sama suka yi tare da wani kamfani na ƙasar Fotugal. Wanda ya zaɓi sunayen nan ya san Hausa, domin aikinsu ke nan, su leƙo su kai rahoto. Amma bayan bikin ƙaddamarwa da hotuna, waɗanda ke aiki a fagen daga yawancinsu na Sin ne da na Turkiyya.

Ita Turkiyya ta wannan ƙofar ta shiga. Takunkumin makamai da Amurka ta sa mata a 1975, bayan rikicin tsibirin Kuburus, shi ya sa ta tashi tsaye. Jirginta marar matuƙi Bayraktar TB2 ya fara tashi a 2014, kuma yau ana amfani da shi a Nijar, Mali, Burkina Faso da wasu ƙasashen Afirka da dama. Namu sun iso ne a 2022. Da Kanada ta dakatar da sayar mata da na'urar hangen da ake ɗaura wa jirgin a 2020, sai wani kamfanin gida, Aselsan, ya maye gurbin da tasa. Wannan ne amfanin samun masu sani a gida: ba wai ba za ka sayi komai a waje ba, amma idan aka rufe maka ƙofa kana da tagar fita.

Mu a Nijar ba mu kai ga maganar ƙera jirgi ba, kuma babu amfanin yaudarar kai. Jiragen yaƙi biyu samfurin Sukhoi 25 muka sayo daga Yukuren a 2013. Amma tun da sojan Faransa suka fice a ƙarshen 2023, na Amurka kuma suka bar sansanin Agadas a 2024, tsaron samaniyarmu ya dawo wuyanmu, kuma tambayar wa zai gyara, wa zai kawo kayan gyara, ta zama tamu. Akwai kuma ciwon da ya fi wannan. Binciken da aka yi a ma'aikatar tsaron ƙasa, wanda ya fito fili a 2020, ya yi maganar kimanin biliyan 76 na Sefa da suka salwanta ta hanyar ƙara farashi da kayan da aka biya ba a kawo ba, ciki har da cinikin jirage. A Najeriya ma an yi badaƙalar dala biliyan 2.1 na kuɗin makamai da ta fashe a 2015. A ganinmu wannan na cikin dalilan da suka sa wasu manya suka fi son a sayo. Cinikin waje da sunan sirrin tsaro yana da la'ada, horar da makaniki ɗari kuwa ba shi da ko tamma. Sai dai kada masu kishin ƙirar gida su yi saurin tafi, domin masana'antar gwamnati ma rami ce da kuɗi ke iya nutsewa a cikinta shekara da shekaru ba a ga ko fiffike ba. Kamfanin ƙarfe na Ajaokuta shaida ne.

Sannan akwai abin da ba a cika sa shi cikin lissafi ba, wato wanda bam ɗin ke faɗa wa. A Fabrairun 2022 gwamnan Maraɗi na lokacin ya sanar da cewa wani harin jirgin sojan Najeriya da ke bin ƴan bindiga ya faɗa ƙauyen Nacaɗe, cikin gundumar Madarunfa, ya kashe yara bakwai. A Disambar 2023 jirgi marar matuƙi na sojan ƙasa ya kashe mutum aƙalla 85 a wajen Mauludi a Tudun Biri, jihar Kaduna. Iyayen waɗannan yara ba su damu da ko jirgin ƙirar ina ne ba. Kuskure irin wannan daga rashin ingantaccen labari yake zuwa, da gaggawar danna maɓalli, da rashin magana tsakanin sojan ƙasashen biyu, kuma jirgi mai tsada ba ya maganinsa. Taron jama'a a ranar kasuwa, da babura jere a gindin itace, daga sama kamanninsu ɗaya da taron ɓarayi.

Ƴan kasuwa sun riga sun biya nasu kason. Ba a manta da ƙarshen daminar 2021 ba, lokacin da gwamnatocin Zamfara, Katsina da Sakkwato suka rufe kasuwannin mako da na dabbobi a wurare da dama, suka hana sayar da mai a jarka, aka kuma katse layin salula domin a ba jirage da sojan ƙasa damar aiki. Wata da watanni ciniki ya tsaya, dabba ta faɗi a wannan gefen ta yi tsada a wancan, ƴan bindigar kuma suka sauya daji.

A halin yanzu Najeriya ta ƙulla cinikin jirage 24 samfurin M-346 da kamfanin Leonardo na Italiya, domin su gaji tsofaffin Alpha Jet, bayan JF-17 guda uku da ta karɓa daga Pakistan a 2021. A Nuwambar 2023 kuma Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu kan sabuwar dokar DICON, wadda ta ba kamfanin damar haɗa jari da ƴan kasuwa. Abin da ya kamata ƴan majalisa da ƴan jarida su riƙa tambaya a kan kowane ciniki shi ne, a ina za a riƙa yi wa injin babban gyara, a Kaduna ko a Turai, injiniyoyi nawa za a horar, kuma wane sashe na jirgin, ko da taya ce ko batir, za a fara yi a gida. Pakistan da irin wannan sharaɗin ta shiga haɗin gwiwa da Sin, kuma JF-17 ɗin da ta sayar wa Najeriya a masana'antarta ta garin Kamra aka haɗa su.