Jariran da ba sa kai ranar suna

Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna cewa cikin kowane yara 1,000 da aka haifa a Arewa maso Yammacin Najeriya, 187 ba sa kai shekara biyar. A Kudu maso Yamma 62 ne. A Kebbi kuwa 252, wato ɗaya cikin huɗu.

Cututtukan da ke ɗauke su duk sanannu ne a gidajenmu: zazzaɓin cizon sauro, ciwon haƙarƙari, ƙyanda da gudawa, wadda sau da yawa akan ce "haƙori ne" har ruwan jikin yaro ya ƙare. Tamowa kuma ita ke share musu hanya.

An dai samu sauƙi. A faɗin ƙasa adadin ya sauko daga 201 a 2003 zuwa 110 a binciken 2023 zuwa 2024. Gidan sauro da allurar riga-kafi sun taimaka, haka ma maganin zazzaɓin da ake bi gida-gida ana ba yara da damina. A Disambar 2024 ma aka fara riga-kafin zazzaɓin a Kebbi da Bayelsa.

Sai dai akwai inda abin ya cije. Mutuwar jarirai a watan farko 39 ce cikin 1,000 a 2018; a binciken 2023 zuwa 2024 kuwa 41. Mafi yawansu a makon farko suke tafiya, tun ba a yanka rago ba. Bakwaini ne da sanyi ya kama, ko wanda doguwar naƙuda ta galabaita ya faɗo bai yi kuka ba, ko wanda ƙwayar cuta ta shiga ta cibiya bayan an yanke da tsohuwar reza an shafa man goge baki. Gidan sauro ba ya maganin waɗannan. Ƙwararriyar ungozoma ake bukata a daidai wannan sa'a, alhali yawancin matan Arewa maso Yamma a ɗaki suke haihuwa, wasu don kunya, wasu don asibitin garin da dare a kulle yake.

Wannan na ƙarshen haƙƙi ne a wuyan gwamnatocin jihohi. Kai kuma maigida, ka bar matarka ta je awo, ka tanadi kuɗin mota tun ciki na wata bakwai, kuma jaririn da ya ƙi kama nono a kai shi asibiti ran nan, kada a jira wayewar gari.