Malaman da ke Bayan Buhun Taki

Manomin da ya sayo buhun takin yuriya da faɗuwar damina, ya kwance bakinsa ya ga farar tsaba kamar gishiri, da wuya ya kawo a ransa cewa asalin abin nan iska ce iri biyu, ɗaya daga sararin sama, ɗaya daga ƙarƙashin ƙasa, balle ya san akwai malaman da suka ƙarar da ƙuruciyarsu da tsufansu wajen neman yadda za a daidaita tsakaninsu. Fanninsu shi ne injiniyancin sinadarai, kuma ginshiƙinsa wani abu ne da ake kira katalis, watau abin da in an sa shi tsakanin sinadarai biyu masu nawar haɗuwa sai ya gaggauta al'amarin, shi kuwa ya fita yadda ya shiga. Misalinsa dillali ne mai shirya mai saye da mai sayarwa, illa dai shi ba ya karɓar la'ada.

Naitirojin, wanda shi ne abincin shuka, ya kai kashi 78 cikin ɗari na iskar da muke shaƙa, amma ƙwayoyinsa biyu-biyu suke, a ɗaure tamau, har gero da masara ba su iya cin moriyarsa a haka. A 1909 Fritz Haber, malami a makarantar fasaha ta Karlsruhe a Jamus, ya nuna ana iya haɗa shi da haidirojin a sami amoniya, uwar takin zamani. Da kamfanin BASF ya karɓi aikin a ƙarƙashin Carl Bosch, sai Alwin Mittasch ya duƙufa yana jarraba katalis iri-iri, gwaji bayan gwaji har dubbai, kafin ya dace da baƙin ƙarfe na wani dutse daga Suwidin, wanda aka ƙara wa 'yan sinadarai kaɗan. A 1913 masana'antar farko ta fara aiki a Oppau.

To, a nan ne abin da ya fi jan hankalina yake. Fiye da shekara sittin ana cin amfanin wannan ƙarfe, ana ciyar da al'umma da albarkarsa, alhali babu mai ƙwaƙƙwarar hujja a kan abin da ke gudana a bisa fuskarsa; an san hukuncin, ba a san illarsa ba, in ji malaman usulu. Wanda ya warware mas'alar shi ne Gerhard Ertl, haifaffen Stuttgart a 1936, wanda ya yi almajiranci a hannun Heinz Gerischer, ya sami digirin digirgir a Munich a 1965, ya zama farfesa a Hannover a 1968, sa'an nan ya koma Munich a 1973. A can, da ƙarfe tsarkakakke a cikin akwatin da aka zuƙe wa iska ƙarƙaf, shi da ɗalibansa suka bi matakan ɗaya bayan ɗaya, har suka tabbatar da cewa raba ƙwayoyin naitirojin ɗin nan biyu shi ne mataki mafi nawa, shi ke riƙe da ragamar sauran. A 1986 ya zama darekta a cibiyar da ke ɗauke da sunan Haber a Balin, kuma ran 10 ga Oktoba 2007, ranar da ya cika shekara 71 daidai, aka yi masa albishir da lambar Nobel. Duk wanda ya dubi wannan silsila, malami daga malami, zai tuna da yadda ake karɓar ijaza a zaurukanmu.

Sai dai katalis yana da abokin gaba, shi ne farar wuta, wadda kaɗan daga cikinta kan lulluɓe fuskarsa ta kashe masa ƙarfi. Saboda haka gas ɗin ƙarƙashin ƙasa da za a ciro haidirojin daga gare shi tilas a tsarkake shi tukuna, kuma wannan tsarkakewa ilmi ne mai zaman kansa, mai nasa shehunnan. Iskar kabon da ke fitowa wajen ciro haidirojin, wadda ake wankewa daga baya, ita ma ba a zubar da ita, da ita ake haɗa amoniya a sami yuriya.

Haka ake yi yau a masana'antar takin Dangote da ke Lekki, wadda aka buɗe a 2022, mai iya fitar da tan miliyan 3 a shekara. A Zariya kuwa, malaman sashen injiniyancin sinadarai na Jami'ar Ahmadu Bello sun daɗe suna nazarin farar ƙasar Ƙanƙara ta Jihar Katsina, suna gasa ta, suna sarrafa ta zuwa ziyolait, katalis ɗin da matatun mai ke fasa mai mai kauri da shi don a sami fetur, shi kuwa katalis ɗin har yanzu daga ƙasashen waje ake sayo shi.